Lissafin Jifan Abba

Gidan farko da na zauna a Greensboro ta Amurka yana unguwar Sedgefield ne, bayan filin golf, gidan wata mata da muke kira Anti Larai. Ita ta aiko min da gayyata. Ta ce makarantu a nan suna neman malaman lissafi ido rufe, ni kuwa na daɗe ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Zariya. Garin ba baƙona ba ne gaba ɗaya, domin a nan na haifi ɗana lokacin da mahaifinsa yake karatu. Amma a wancan zuwan ban san ko'ina ba sai ɗakinmu da asibiti. Muka koma gida, mahaifin ya rasu yaron yana rarrafe, muka tare a gidan mahaifiyata, Hajja. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa, don haka Abba muke ce masa. A hannun Hajja na bar shi na taho.

Ranar da na sauka Anti Larai ta karɓi fasfo ɗina, wai kada ya ɓace. Washegari ta nuna min kicin da injin wanki da 'ya'yanta uku. Duk lokacin da na tambayi maganar makaranta sai ta ce, "Ana kan processing, Hadiza, ke dai ki yi haƙuri." Ranakun Asabar kuma in yi girkin biki, ta ɗauka a mota ta kai, ban san inda ake kaiwa ba. Har bizata ta ƙare ina cikin gidan nan.

Aikin bai dame ni kamar shirun ba. Da safe ƙofofin gareji su ɗaga, motoci su fita, unguwa ta yi tsit kamar an yi ƙaura. Babu kiran sallah, babu mai talla, babu wanda zai leƙo ya ce ina kwana. Nakan tsaya a tagar kicin ina kallon tsofaffin Turawa suna bin ƙaramar ƙwallo a kan ciyawa, ina lissafin ƙarfe nawa ne a Zariya, ko Abba ya dawo daga Islamiyya.

Masa ce ta fitar da ni. An yi suna a gidan wasu 'yan Nijar, Anti Larai ta tafi da ni don in riƙa toyawa da zafi-zafi. Wata doguwar mata mai zane a kumatu ta shigo kicin da faranti a hannu, ta tambayi wa ya yi. Sunanta Hajiya Zali, mutuniyar Maraɗi. Ta dube ni sosai ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi ad damuwarki?" Ban yi niyyar faɗa ba, amma na faɗa.

Bayan 'yan kwanaki suka zo da mijinta, Alhaji Isufu, a cikin tasinsa. Suka zauna a falo, aka gaisa, aka kawo lemo ba su taɓa ba. Alhaji ya ce cikin sanyin murya, "Bon, Hajiya Larai, mun zo ɗaukar ƙanwarmu ne da hwasfo nata. Ba mu da gaggawa, muna iya zama." Suka zauna kuwa. Sai da la'asar ta wuce Anti Larai ta shiga ɗaki ta fito da shi ta ajiye a kan tebur, ba ta kalle ni ba.

Zango na biyu shi ne Irving Park. Hajiya Zali ta samo min aikin kula da wani tsohon Bature, Mista Harold, wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar. Bas ba ya shiga unguwar, sai in sauka a babban titi in taka a ƙarƙashin manyan itatuwa, ni kaɗai a ƙafa, karnuka suna haushi ta bayan shinge. Lokacin sanyin farko 'yarsa ta ga ina zuwa da mayafi biyu, ta ba ni kwat ɗin mahaifiyarta da ta rasu. Na yi shekaru ina sa shi.

Mista Harold ba shi da abin so kamar ƙwallon Amurka. Da farko na ɗauka kokawa ce ake yi da hular kwano. Da ya ji ni malamar lissafi ce sai ya ba ni aikin karanta masa shafin wasanni, tunda idonsa ya yi rauni. A nan na koyi wasan, daga lambobi zuwa fili. Akwai yaro guda da ake kira kwatabak, shi ne mai jifa, shi ke karɓar ƙwallo ya duba ya zaɓi wanda zai jefa wa kafin ƙattai su danne shi. Jarida takan rubuta jifa nawa ya yi, nawa aka cafe, yadi nawa aka ci, da kuma sau nawa ƙwallon ta faɗa hannun abokan hamayya. Wannan na ƙarshen shi ne abin kunyar mai jifa.

Da na kama ɗaki nawa sai na aika a turo min Abba, tunda shi haihuwar nan ne, hanya a buɗe take gare shi. Hajja ba ta so ba. Ta ce min a waya, "Za ki raba ni da maigidana." Haka take kiransa. Amma ita ta haɗa masa kaya, har da kuka da daddawa a ƙasan jaka.

Ya zo yana shekara goma sha uku, siriri, ba ya magana a makaranta saboda yara suna kwaikwayon Turancinsa. Wata rana a lokacin motsa jiki ƙwallo ta gangaro gabansa, ya ɗauka ya mayar. Hannun da ya saba jifan mangwaro a Tudun Wada ne. Koci ya gani ya kira shi. Cikin shekara uku yaron da ba ya magana ya zama shi ke ba wa manyan yara umarni a tsakiyar fili, suna sunkuyo da kai suna saurare. Ni dai kullum gabana faɗuwa yake idan aka kayar da shi, amma na ga ya samu wurin tsayawa a ƙasar nan kafin ni in samu.

Shekarar da yake ajin kusa da ƙarshe, tim ɗinsu ya yi kyau har suka shiga wasannin sili ɗaya ƙwale. Azumi ya faɗo a daidai lokacin. Yakan yi atisaye da yamma da bakinsa a bushe, bai taɓa ajiye ko guda ba. An sa wasansu ranar Juma'a, kuma an ce masu neman 'yan wasa daga jami'o'i za su zo kallo.

Ranar Laraba da hantsi ina gidan Mista Harold waya ta yi ƙara a kicin. Yayana ne, Yaya Sani.

"Hadiza, sai haƙuri. Hajja ta rasu jiya bayan la'asar. An riga an kai ta."

Na ce innalillahi. Na ji yana cewa ba ta sha wahala ba, zazzaɓi ne na kwana biyu. Ya tambayi Abba, na ce yana da babban wasa jibi. Ya ce, "To ki bari ya wuce. Ba abin da zai sauya."

Na ajiye wayar na koma banɗaki, domin na bar tsoho a zaune a kujerar wanka, ruwa yana hucewa. Na gama yi masa wanka na shafa masa mai. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya tambaye ni me ya faru. Da na faɗa masa ya ce in tafi gida, zai biya jirgi. Na bayyana masa cewa idan na fita ƙasar nan ba zan iya dawowa ba, kuma Abba ba shi da kowa. Sai ya cika ashirin da ɗaya zai iya nema min takardu. Tsohon ya hana a kunna talabijin ranar nan gaba ɗaya.

Hajiya Zali kaɗai na faɗa wa, na roƙe ta ta riƙe har Lahadi, ko Alhaji kada ya ji. A gida na riƙa dafa sahur ina ba Abba baya don kada ya ga idona.

Juma'a aka wuni ana yayyafi mai sanyi. Muka sha ruwa a cikin tasin Alhaji a wurin ajiye motoci, dabino da shayi a fulas, muka yi magariba a gefen mota a kan kwali. Wasan bai yi kyau ba tun farko. Ƙwallo tana santsi, yaran da ke tare wa Abba suna barin ƙattai su wuce, ana buga shi da ƙasa ya tashi rigarsa duk laka. Ya jefa wa wani yaro a ƙirji, ta zame ta tashi sama, abokin hamayya ya cafe. Bayan hutu ya sake jefawa tsakiya, wani da ya laɓe ya fito ya ɗauke kamar shi aka aika wa. Duk da haka suka matso, saura kaɗan su kamo. Lokaci yana ƙarewa ya yi jifa mai nisa, irin na wanda ba shi da zaɓi, ita ma aka ƙwace. Aka fitar da su. A mota Hajiya Zali ta ce sannu, ya ce, "I'm fine, Anti," ya jingina kansa da gilashi.

Asabar na karanta wa Mista Harold jaridar. Jifan da aka cafe bai kai rabi ba, an ƙwace masa sau uku. Marubucin ya ce yaron bai isa babban wasa ba tukuna. Tsohon ya riga ya saurari wasan a rediyo, amma ya sa na ba shi labari jifa bayan jifa.

Ya ce, "Waɗanda suka taɓa hannun yara suka faɗi, jarida ta rubuta su a kan wa?"

Na ce a kan Abba.

"Ta farko da aka ƙwace, daga ƙirjin wa ta tashi? Ta ƙarshe kuwa duk mai jifa da ya san aikinsa zai jefa ta. Wanda ya riƙe ƙwallo don lambobinsa su yi kyau, shi ne matsoraci. Ta biyun ce tasa. Wannan kam tasa ce, kada ki yarda a wanke shi." Ya numfasa ya ce, "Kin faɗa masa rasuwar?"

Na ce sai gobe bayan shan ruwa.

Lahadi muka je shan ruwa gidan Alhaji Isufu. Tun zuwan Abba shi ne ubansa a garin nan, shi ke zuwa makaranta idan an kira iyaye, don haka maganarsa tana da nauyi a kanmu. Kuma ya san wasan, domin yini yake yi a tasi yana sauraron masu gardamar ƙwallo a rediyo. Bayan sallah, ana cin tuwon shinkafa, Abba ya ɗauki kwanonsa ya koma ɗakin yara. Alhaji ya jawo jaridar daga ƙarƙashin kujera.

"Malama Hadiza, ke ce mai lissahi. Dibi wanga. Ni na ce ya isa haka. Ya bar wasan ga, ya kama karatun lakwal da kyau, da marece ya zo garejin abokina ya koyi gyaran mato. Kahin su karya mishi wuya a banza."

Na ce, "Alhaji, wasa ɗaya ne. Ba a yanke wa ɗalibi hukunci da gwaji guda. Ka haɗa duk wasannin shekarar nan ka raba, za ka ga yana cikin na gaba."

"Waɗancan da wa ya yi su? Da ƙananan makarantu. Kowa na iya jifa in ba mai bin shi. Ke da kike malama, jarrabawar hita ba rana guda ake yin ta ba? Wa ke tambayar abin da yaro ya ci a aji?"

Maganar ta shige ni, domin gaskiya ce. Na sha ganin yarinya mai ƙoƙari ta faɗi a ranar guda, kuma ba wanda ya saurari bayanina. Amma na kawo masa abin da Mista Harold ya ce. Na ce lambar da ke jarida ta mutum goma sha ɗaya ce, an rubuta ta a ƙarƙashin sunan mutum ɗaya. Idan aka cire waɗanda yara suka zubar, ya haye rabi. Idan aka cire ta ƙirji da ta ƙarshe, kuskure guda ya rage.

Alhaji ya ce, "In kika cire wanga kika cire wancan, ni ma kwatabak ne. Shi wancan yaron na ɗaya tim ɗin, ba cikin ruwa guda suka yi wasa ba? Mutanen jami'a ba su cirewa, Malama. Takarda suke dubawa."

"Masu hankalinsu kaset suke kallo."

Hajiya Zali ta sa baki, "Yaron ga da azumi ya yini, ku tuna."

"An sha ruwa kahin a hwara," in ji Alhaji. Ya ɗaga murya kaɗan ya kira Abba.

Ya fito ya durƙusa a bakin ƙofa. Alhaji ya ce, "Mun yi ta magana a kanka. Kai mi ka gani?"

"Abin da jarida ta rubuta daidai ne, Baba Alhaji. Ban yi wasa mai kyau ba."

"To ka ji. Ni ba ƙinka nike ba. Amana ce kai. In wani abu ya same ka cikin hilin nan, in aka bugo ma Hajja a Zariya, mi za mu ce mata?"

Hajiya Zali ta sunkuyar da kai. Ni kuwa cokalin ya tsaya a hannuna. Abba ya dubi kafet ya ce, "Hajja ta rasu ranar Talata, Baba Alhaji."

Yaran da ke ɗaki ma suka rage ƙarar talabijin.

Na ce, "Wa ya faɗa maka?"

"Gwaggo ta Kaduna ta bugo ranar Alhamis, kina wurin aiki. Na ɗauki wayar ta ce ya haƙuri. Ta zaci na sani."

"Shi ne ba ka ce min komai ba?"

"Na ga idonki tun ranar Laraba, Mama. Na gane kina so ki kai ni Juma'a ne. Sai na bar ki ki kai ni."

Wato kwana huɗu muna ɗaki ɗaya, muna sahur a tebur ɗaya, kowa yana riƙe da gawa guda yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Alhaji ya cire hularsa ya riƙe. Ya daɗe yana salati a hankali. Sannan ya naɗe jaridar ya tura ta gefe ya ce, "Ashe haka ne. Ku yahe mini. Wanga lissahi bai ƙirgu ba. Yaron da kakarsa ta rasu, wa zai auna jihwansa?"

Abba ya ɗago. Idonsa ya yi ja amma muryarsa ba ta rawa. "A'a, Baba Alhaji. Kada a ɗora wa Hajja. Jifan nan na biyu, ban ga mutumin da ke tsakiya ba. Koci ya nuna min shi a kaset tun Litinin, ya ce zai laɓe a can. Ko tana raye ba zan gan shi ba, don ban koyi duba wurin ba tukuna. Ina so in koya. Shi ya sa nake roƙon a bar ni in yi shekarar ƙarshe."

Alhaji ya dube ni. Na ce ni na amince. Ya ce, "Bon. Taso nan." Abba ya matsa kusa da shi, ya dafa kansa, ya ɗaga hannu ya fara addu'a. A nan ne yaron ya fashe da kuka, irin kukan da ban ji ya yi ba tun yana ƙarami, ni ma na samu na yi nawa.

Kafin isha'i Alhaji ya buga wa mutane waya. Washegari ɗan ɗakinmu ya cika, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, har da waɗanda ban taɓa gani ba, wasu da kayan aikin masana'anta a jikinsu. Mata suka kawo kunu da ƙosai aka yi sadaka. Anti Larai ma ta zo, ta zauna kusa da ƙofa ta yi min gaisuwa, na amsa. Zaman makokin da na samu ke nan.

Abba ya yi shekararsa ta ƙarshe. Ya fi da kyau, ko da yake ba su yi nisa ba. Manyan jami'o'i ba su dawo ba. Ko takarda suka duba ko kaset, ban sani ba, kuma har yau idan zancen ya tashi ni da Alhaji ba mu daidaita. Wata ƙaramar kwaleji a cikin duwatsu ta ɗauke shi ta rage masa kuɗin karatu. Ya fi zama a benci fiye da shiga fili, ya karanci gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Mista Harold bai ga wannan ba, ya rasu a bazarar da Abba ya gama sakandare. 'Yarsa ta sa ni a layin iyali a cocinsu, na zauna da hijabina.

Hutun farko da ya samu a kwaleji Abba ya ce zai je gida. Ni har lokacin ba ni da takardu. Na raka shi filin jirgi na tsaya inda aka ce masu rakiya su tsaya.

Bayan kwana uku, da hantsi, ina sabon gidan da nake aiki a Summerfield ina yanka wa wata tsohuwa farce, wayata ta yi ƙara. Na nemi izini na fita baranda. Dawakan maƙwabta suna kiwo a bayan shinge. Layin yana yankewa, ina jin iska da kukan tsuntsaye ta can.

"Mama, Kawu Sani ya kawo ni. Ya nuna min kabarin Hajja. Ga ni a tsaye a gabanta."



Ya ce, "Na miƙa wayar wajen. Ki yi addu'ar, ni zan ce amin."

Na gyara mayafina, na juya gabas, na fara.